Masu haɗa ƙananan jiragen katako: falankin jirgina na dori ya ƙi zama a hanci, a taimaka

Baban Ikram: Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah waɗanda suka taɓa haɗa ƙaramin jirgin ruwa na katako irin na kit, wato wanda ake sayarwa a kwali an riga an yanka katakon kai za ka haɗa, ina neman shawara. Ƙanina ne ya taho min da na dori, wani ƙaramin jirgin masunta, daga Amurka, wancan na Model Shipways da suke kira Lowell Grand Banks Dory, sikelin 1:24, wato an rage girman na gaske sau 24, in an gama shi tsawonsa kamar inci 10 ne kawai. Na kafa haƙarƙarin a kan allon gini, na manna gindin, na sa hanci da allon baya duk lafiya lau, to yanzu an zo kan falankin gefe. Na farko na ƙasa ya zauna daram, na biyun ne in na danne tsakiya sai ya ɗaga a hanci, in na danne hanci sai tsakiya ta buɗe, kuma jiya da dare da ƙyar na samu ya kwanta na manna shi ba rata ko kaɗan amma yau da safe na ɗaga shi wajen taga na ga haske na wucewa ta tsakaninsu. Me ke jawo haka?

Baba Kafinta: Wa alaikumus salam. Ɗana a jiƙe ka manna shi ko sai da ya bushe?

Baban Ikram: A jiƙe Baba, na tsoma shi a ruwan zafi ya yi laushi sannan na shafa gam na danne.

Baba Kafinta: To ai ga amsarka nan. Katako in ya sha ruwa kumbura yake ta faɗinsa, in ya bushe ya koma, kuma yanzu hunturu muke ciki, a Kaduna ma kun fi mu jin iskar nan ko? Babban katako ma na ƙofa motsi yake a wannan lokacin balle wannan da kaurinsa bai wuce na kwali ba. Ka jiƙa shi kamar minti 5 zuwa 10, ka ɗora shi a wurin da zai zauna, ka kama shi da fegin shanya da robar ɗaure kuɗi, ka tafi ka kwanta. Kar ka sa gam. Da safe in ka cire fegin za ka ga ya riƙe lanƙwasar da kansa, to a lokacin ne za ka shafa gam ɗan kaɗan da tsinken sakace.

Maman Hanan: Abin da Baba ya faɗa haka yake. Sai dai maganar ɗagawa a hanci ina ga wata matsala ce daban. Baban Ikram ka fiƙe bakin falankin ƙasa kafin ka ɗora na sama? Irin ginin dori falanki hawa kan ɗan'uwansa yake yi, ba baki da baki suke haɗuwa ba, to bakin saman na ƙasan dole ka goge shi a karkace da samfefa yadda na saman zai samu shimfiɗar da zai kwanta a kai. Sannan in ka kusa hanci, kamar saura santimita 1 ko 2, sai karkacewar ta dinga ƙaruwa har katakon ya zama siriri sosai a ƙarshe, a can hancin su biyun su haɗe su zama fuska ɗaya. Haka za ka yi a wajen allon baya. In ba a yi wannan ba ko da me ka danne shi sai ya ɗaga. Ni zanen gine-gine na karanta, mun saba haɗa ƙananan gidaje da kwali a makaranta, amma jirgi ya sha bamban saboda kusan ba layi ɗaya miƙaƙƙe a jikinsa.

Baban Ikram: Na goge Hajiya amma daidai wa daida na goge daga farko har ƙarshe. Yanzu ya zan cire wanda na riga na manna ba tare da ya karye ba?

Maman Hanan: Wane gam ka sa?

Baban Ikram: Farin gam na kafintoci, Top Bond.

Maman Hanan: Alhamdulillah da sauƙi kenan. Ka sayi sifirit a kemis, ka ɗiga a kan haɗin da ƙaramin buroshi ko auduga, ka ɗan jira ka ƙara, gam ɗin zai saki ya zama kamar roba, sai ka zura reza a hankali. Kar ka ja da ƙarfi. Da sufa gulu ne da sai ka nemo ruwan goge jan farce, kuma shi yana barin tabo mai ƙyalli da fenti ba ya kamawa da kyau, shi ya sa ni ba na kusantar da shi jikin jirgi sam. Wani abu kuma, baƙin nan na ƙuna da ke gefen kowane yanki, na'urar leza ce ta bar shi lokacin yanka, ka ɗan goge shi kafin ka sa gam don gam ba ya riƙe gawayi sosai, amma gogewa kaɗan fa, in ka zurfafa ka cinye siffar falankin.

Sadauki 04: Ni fa ban gane ba, duk wannan wahalar a kan ɗan kwale-kwale mai inci 10? Ni da zan kashe kuɗina wlh HMS Victory zan saya mai igwa 104 da filafilai da igiyoyi, wanda in baƙo ya shigo falo sai ya tsaya kallo.

Bakano a Halifas: Sadauki ɗan'uwa ka yi haƙuri in ba ka shawara. A nan Kanada in ka duba wuraren sayar da kayan hannu za ka dinga cin karo da kit ɗin manyan jiragen nan an buɗe kwali an kafa haƙarƙari an manna falanki kaɗan an watsar. Jirgi irin Victory aikin shekaru ne ko ga wanda hannunsa ya faɗa. Kuma abin da ke kayar da mutane shi ne daidai abin da Baban Ikram ke fama da shi yau, wato lanƙwasa katako da fiƙe bakinsa ya zauna. Wanda ya tsara wannan kit ɗin, David Antscherl, da gangan ya jera su uku, ka fara da dori, ka wuce ƙaramin jirgin Norwe mai filafilan iska a sikelin 1:12, sannan na masu kamun lobsta, wani dangin ƙaguwar teku, na jihar Maine a Amurka, kowanne na ƙara maka abu ɗaya biyu a kan na baya. Sannan ƙaramin jirgi buɗaɗɗe ba shi da rufi, ba bene ba igiya, ciki da waje duk a fili suke, in ka karkace da rabin milimita ido zai gani. Ni a wurina wanda ya gama dori tsaf ya fi burge ni.

Sadauki 04: To shi dorin ma me aka yi da shi a tarihi da har ake yi masa kit? Ba rainawa nake ba tambaya ce.

Bakano a Halifas: Tambaya mai kyau. Jirgin masunta ne na kamun kifin kod a Grand Banks, wani yanki na tekun Atlantika mara zurfi sosai a kudu maso gabashin tsibirin Newfoundland na Kanada. Babban jirgi mai filafilan iska ne ke ɗaukar su daga gari, a jera su wani cikin wani a kan bene, shi ya sa gindinsu a shafe yake, gefen ya buɗe waje, kuma bencin zaman cire shi ake yi. In an isa sai a sauke su, mutum biyu ko ɗaya a kowanne, su tuƙa su yi nisa su shimfiɗa ƙugiyoyi, da yamma su dawo da kifi. In ba kaya a ciki rawa yake kamar zai kife amma yana ɗaukar nauyi sai ya zauna. Shagon da sunansa ke kan kit ɗin, Lowell, yana Amesbury a jihar Massachusetts a bakin kogin Merrimack, tun 1793 aka kafa shi kuma har yau ana ƙera jirgi a ciki, a 1911 kaɗai sun fitar da sama da 2,000. Mutanen Fotugal ma sun yi ta zuwa wannan kamun da dori na mutum ɗaya har farkon shekarun 1970. Sai a 1992 gwamnatin Kanada ta dakatar da kamun kod ɗin saboda manyan jirage masu jan raga sun kusa ƙarar da shi.

Kuma aiki ne na sai da rai. A watan Janairun 1883 wani masunci Howard Blackburn guguwar ƙanƙara ta raba su da babban jirginsu shi da abokin aikinsa, abokin ya mutu da sanyi, shi kuma da ya ga hannayensa za su daskare sai ya lanƙwasa yatsunsa a kan matuƙan ya bari suka sandare a haka don ya iya ci gaba da tuƙi, kwana 5 kafin ya kai gaɓar Newfoundland. Ya rayu amma yatsun sun tafi. Na je Lunenburg, wani garin masunta a nan Kanada, na tsaya kusa da dori na gaske, na taɓa gefensa, katakon bai fi kaurin ɗan yatsa ba, na daɗe a tsaye ina tunanin mutum a cikin wannan abu tsakiyar teku.

Sadauki 04: Innalillahi. Gsky ban san haka ba.

Ɗan Yawuri: Ni ina ta karatu na yi shiru amma bari in faɗi tawa ko da ba za ta yi daɗi ba. Duk abin da kuka faɗa na yarda. To amma wai don me mu da muke da Neja da Binuwai da tafkin Cadi za mu tura dala waje a aiko muna katakon da inji ya riga ya yanka mu manna, mu ce mun gina jirgi? Nan Yawuri in ka sauka bakin ruwa za ka iske masassaƙa da gizago da zarto suna haɗa jirgin da zai ɗauki buhun shinkafa da babur da mutane, ba takarda ba zane, ido ne da igiya. Wa ya taɓa yin ƙaramin kwafin nasu? Mun san sunan shagon Amurka da shekarar da anka kafa shi, namu ko ba wanda ya rubuta tsawonsu. Abin na ci min rai wlh.

Baba Kafinta: Ɗan Yawuri ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Kuma katakon ma muna da shi. Obeche ɗin nan fari mara nauyi da muke bayan kabad da shi, masu wannan sana'ar a Turai shi suke saya an yanka musu siri-siri, daga dazukan Afirka ta Yamma yake fita. In ka je 'yan katako ka zaɓi busasshe mara gaɓa ka ba mai inji ya tsaga maka, sauran ka ƙarasa da samfefa, zai yi abin da baswud, katakon da ke cikin kit ɗin, yake yi. Maɗaci kuma ya yi bakin jirgi da benci, sai dai ƙwayar jikinsa manya ce, a ƙaramin abu tana fitowa da yawa.

Bakano a Halifas: Ɗan Yawuri ban ƙi taka ba amma kalmar "mannawa kawai" ce ban yarda da ita ba. Inji ya yanka siffar falanki, eh, amma bai goge haƙarƙarin sun bi layi ɗaya ba, bai fiƙe baki ba, bai lanƙwasa ba, matuƙan ma guntun katako ne mai kusurwa huɗu kai za ka sassaƙe shi ya zama takwas sannan ya zama zagaye. Kuma babban abin da kit ke koyarwa shi ne falankin da kake gani a jikin jirgi kamar miƙaƙƙe, in ka shimfiɗa shi a tebur lanƙwasasshe ne kamar lauje. Wanda bai taɓa riƙe wannan a hannunsa ba in ka ce ya yi jirgin Yawuri daga zane zai yanko miƙaƙƙen katako ya yi ta dannawa yana karyewa. Kit ɗaya ya isa, ka koyi hannu, sannan ka juya gida.

Ɗan Yawuri: Su masassaƙan namu da wane kit sunka koya?

Bakano a Halifas: Da shekaru a gaban iyayensu suna miƙa ƙusa. Baban Ikram yana Kaduna yana zuwa ofis, ba shi da wannan damar.

Maman Hanan: Ku biyun kowa na da gaskiyarsa amma ni na fi karkata wajen Ɗan Yawuri a abu ɗaya, maganar rubutawa. A 2021 UNESCO ta sa irin wannan ginin na falanki kan falanki na ƙasashen Norwe da Suwidin da Denmak da Finlan da Aislan cikin jerin al'adun duniya, kuma sun kai nan ne don sun daɗe suna auna tsofaffin jiragensu suna zanawa suna ajiyewa, shi ya sa ma kamfani ke samun zanen da zai yi kit da shi. Mu kuma fa jirgi mafi tsufa da aka sani a Afirka a ƙasarmu aka tono shi, kwale-kwalen Dufuna a jihar Yobe, wani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya, masana daga jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono wurin a 1994, shekarunsa kusan 8,000, yana Damaturu yanzu. Tsawonsa mita 8.4, faɗi kamar rabin mita, kaurin jikinsa santimita 5. A sikelin dorin Baban Ikram zai zo santimita 35 a tsawo, faɗi ɗan sama da santimita 2, kauri milimita 2. Ku duba siririn abu! Guntun maɗaci ɗaya ya isa, kuma shi ma na asalin daga dangin maɗaci aka sassaƙa shi. Da ina koyarwa a firamare da shi zan fara sa yara su gani su taɓa.

Sadauki 04: Hajiya wani abokina ya ce wai sassaƙa irin wannan a ajiye a ɗaki akwai magana a addini

Baba Kafinta: Abin da malamai suke magana a kai siffar mai rai ce ɗana. Jirgi katako ne kamar kujera. In zuciyarka ba ta kwanta ba ka tambayi malaminku, kuma ba dole sai ka sa mutum-mutumi a ciki ba.

Na Damagaram: Salamu alaikum, ina biye da ku daga Nijar. Ni tambayata a kan lissafin ce, me ya sa 24? Mu nan da metir muke aiki, raba abu da 24 yana ba ni ciwon kai. Sannan wani abu da na lura a hoton dorin, mai tuƙin bayansa yake ba inda za shi, namu na Gaya da Yamai gaba suke kallo.

Bakano a Halifas: Saboda inci ne Malam, ƙafa 1 inci 12 ce, to a 1:24 rabin inci shi ne ƙafa 1, ga mai aiki da inci ba wani lissafi. Kai da ke kan mita ka ɗauki 1:20 kawai, mita 1 ta zama santimita 5, jirgi mai mita 10 ya zo rabin mita, ya zauna a kan kanta. Maganar zama kuma haka ne, matuƙan dori dogaye ne guda biyu, kowanne na zaune tsakanin 'yan turaku biyu da aka soka a bakin jirgin, mutum ya toka ƙafa ya ja da bayansa gaba ɗaya, ƙarfin ya fi yawa amma sai yana waiwaye. Namu filafili ne a hannu ko gora a toka ƙasa, don haka ba turaku a bakin, kuma jirgin ya fi tsawo da matsewa. In za a yi kwafin namu wannan bambancin dole ya fito, kar a je a yi dori a sa masa sunan Yawuri.

Baban Ikram: Jama'a na gode ƙwarai. Sifirit ya yi aiki, falankin ya fita lafiya, na ƙara fiƙe wajen hancin yadda Hajiya ta ce, na kama shi da fegi ya kwana, yanzu ko ba gam yana zaune. Zan bi da na ɗaya gefen kafin in hau na uku ko in gama gefe ɗaya tukuna?

Baba Kafinta: A'a kar ka gama gefe ɗaya, dama ɗaya hagu ɗaya, in ba haka ba ƙarfin katakon zai murɗe maka jirgin hanci ya kalli gefe. Duk wanda ka sa ka tsaya ta gaba ka rufe ido ɗaya ka duba tsayinsu ya zo daidai a hancin. Kuma in ka zo fenti ka tsinka shi da ruwa ka yi shafa uku sirara, mai kauri ɗaya zai cike maka layin falankin da ka sha wahala a kai.

Bakano a Halifas: Kalar da aka saba a nan rawaya ce mai duhu kamar ƙasa-ƙasa, bakin kuma kore, an ce ta fi ganuwa cikin hazo. Kar ka sa mai ƙyalli, jirgin aiki ne.

Ɗan Yawuri: To ni dai tunda kun ce a rubuta, ran kasuwa in Allah ya kai mu zan sauka bakin ruwa da tef. Akwai wani dattijo da ke da ɗaya bisa tudu yana gyara, sai na gaishe shi na roƙi izini. Hajiya me da me zan auno?

Maman Hanan: Madalla, Allah ya ba da sa'a. Ka tafi da igiya da alli da yaro ɗaya mai riƙe maka. Ka ja igiyar ta tsakiya daga hanci zuwa baya ka ɗaure ta tamau, ka rubuta tsawon, sannan ka sa alama duk santimita 50. A kowace alama abu uku nake so, faɗin baki, faɗin gindi daga ciki, da zurfi daga igiyar zuwa gindin, sai kuma nisan igiyar da bakin jirgin a wurin don mu san yadda bakin ya lanƙwasa. Ka ƙirga falankin kowane gefe da kaurinsu, ka duba baki da baki suka haɗu ko wani ya hau wani, da me suka toshe tsakanin, ƙusa ce ko ƙarfe suka lanƙwasa. Hoto kuma daga gefe ka ja baya sosai, da na gaba da na baya, tef ɗin a buɗe a cikin hoton. Ka tambayi dattijon wane ice ne da sunan da suke kiran kowane sashe, ka rubuta yadda ya faɗa. In ka turo ni zan zana a 1:20 in sa a nan kowa ya buga.

Baba Kafinta: In zanen ya fito obechen a kaina, zan tsaga na mutum biyar.

Na Damagaram: A sa ni ciki Baba, akwai direban da ke zuwa Kano duk sati, in an kai tasha zai karɓo min.

Ɗan Yawuri: Baba ka dakata da tsagawa sai na auno kaurin falankin tukuna, na nan sun fi na dorin nan kauri nesa ba kusa ba.